Mun Zo Na Ɗaya a Afirka

Duk mai son koyon yadda ake auna sabuwar fasaha ya je ya durƙusa gaban waɗanda suka kawo mana eNaira. Sun hutar da mu daga tambayoyi masu sa ciwon kai, irin su wa zai yi amfani da abin, ko wace matsala zai warware. A wurinsu ma'auni ɗaya ne: wa ya riga wani?

Mu kuwa mun riga kowa. Ranar 25 ga Oktoba, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na Babban Bankin Najeriya, a fadarsa da ke Abuja, irinsa na farko a Afirka. Aka ce zai ƙara wa tattalin arzikin ƙasa dala biliyan 29 cikin shekara 10. Madalla da wannan hangen nesa, ga riba an gama ƙirga ta tun ba a buɗe shago ba.

Dubi hikimar tsarin ma. An ce don talakan da ba shi da asusun banki aka yi shi, amma da aka fara, sai mai babbar waya da lambar BVN ne ke iya buɗe jakarsa. Wato an tabbatar cewa mai buƙatarsa ba zai taɓa shi ba, balle ya ɓata shi da yawan amfani. Haka kuwa aka yi. A 2023 binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya nuna kashi 98.5 cikin ɗari na jakunkunan da aka buɗe sukan yi mako ba wanda ya leƙa su. Wane kuɗi ne a duniya ya samu irin wannan kariya?

Sai ga farkon 2023, lokacin canjin takardun naira. Mutane na kwana a bakin ATM, mata na kuka a harabar banki, mai tumatir na kallon kayansa suna ruɓewa don ba tsabar da za a saya da ita. Ranar da aka yi eNaira dominta ke nan. Amma ita ta san darajar kanta, ba ta shiga turmutsutsu ba. Ta bar wannan wahala ga yaron da ke zaune ƙarƙashin laima a bakin kasuwa, na'urar POS a hannu, yana ɗaga ta sama yana neman sabis, layi ya miƙe a gabansa har bakin kwata. Mai shayi ya rubuta lambar OPay a jikin kwali ya jingine kusa da gwangwanin madara. Waɗannan ai ba fasaha ba ce, tunda ba wanda ya yanka musu ƙyalle.

Masu hassada za su kawo zancen Kenya, wai M-Pesa ta fara a 2007 da saƙon tes a ƙaramar waya mai madannai, yau kaka a ƙauye na karɓar kuɗin jikanta da ita. Ƙauyanci ke nan. Abin da tsohuwa za ta gane cikin minti biyar, ina burgewarsa a taron ƙasa da ƙasa? Su 'yan Kenya miliyoyin masu amfani kawai suke da su, sai kuma wakili a kusan kowane lungu, wanda kakar nan ke zuwa wurinsa ta karɓi kuɗinta a hannu ta wuce cefane.