Ɗan Koyo da Rumfarsa ta Farko

Aikin katako na farko da ake sakar wa yaron kafinta a Sheme, cikin ƙaramar hukumar Faskari, yawanci rumfa ce, domin ko ta faɗi ba ta cika danne kowa ba sai akuya.

Da awo ake farawa. Kusurwa tana daidaita idan aka auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu ya ba da 5. Ɗan koyo yakan sami 5 da ɗan wani abu, sai ya ɗora laifin a kan tef. Katakon tubaifo kuwa, sunansa ne kawai inci 2 da inci 4. Wanda bai bushe ba yakan lanƙwashe bayan an kafa shi, kamar ya tuna inda ya bar mantuwa.

Daga nan a shafe katakon da baƙin mai saboda gara, a gicciya wani a kusurwa don kada rumfar ta yi ruku'u, a ɗaure ta da langalanga. Wanda ya manta langalanga, iskar farkon damina ce ke duba aikinsa, kuma a gonar maƙwabci ake karɓo kwanon rufin.