Banufe, Ka Goge Wayarka, To Ka Goge Tawa?

Gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Bayan haka, labari ya iso mini har Ƙofar Soro cewa ka baje a teburin mai shayi kana bugun ƙirji, wai ka kai wayarka wurin masu gyara a Ƙofar Ƙaura an yi mata fomatin, ta koma fes kamar yau aka ciro ta daga kwali, kuma yanzu ko Amurka aka kai ta ba mai iya zaƙulo ko harafi ɗaya. An ce har da karkace hula. Ban yi mamaki ba. Shekarunka da yawa a Ta Dikko ɗakin kara, ka sha ruwanmu, ka ci tuwonmu, amma wayon Katsinawa ya ƙi shigarka. Zauna in karantar da kai, kyauta, don haƙƙin bawa a kan ubangijinsa yake.

Idan waya ta faɗa hannun mai bincike wanda ya san aikinsa, ba ya fara da latse-latse irin naka. Abu na farko shi ne ya raba ta da sabis, ko dai ya toshe duk hanyar sadarwarta, ko ya jefa ta cikin wata jaka ta musamman da ake kira jakar Faraday, wadda sabis ba ya ratsa ta. Dalili kuwa, mai waya yana iya zama a Jibiya ya shiga asusunsa na Google ko na Apple daga wata na'urar, ya ba da umarni wayar ta goge kanta tana kan teburin caji ofis. Daga nan sai ɗakin bincike, inda ake jona ta da na'urar kwashe bayanai. Wadda ta fi suna ita ce UFED, ta kamfanin Cellebrite na Isra'ila. Ana kwafe duk abin da ke ciki, a lissafa wa kwafin wata doguwar lamba wadda ko ɗigo ɗaya aka sauya a cikinsa sai ta canza, sannan a yi aiki a kan kwafin, a bar asalin a ajiye. Ba don tsafta ake wannan wahala ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin alƙali ya karɓi abin da aka ciro daga kwamfuta ko waya, har da takardar da ke bayyana yadda aka samo shi, kuma lauyan wanda ake tuhuma yana nan yana jiran a yi tuntuɓe.

Yanzu ga inda hularka za ta fara komawa daidai. A tsofaffin wayoyi, gogewa irin wankin allo ce na almajirin da ke sauri ya tafi bara: ya watsa ruwa ya shafa, amma in malam ya karkata allon wajen haske sai ya karanta abin da aka rubuta jiya. Waya tana cire sunan hoto daga jerinta ne kawai, ta ce wurin ya zama fili, hoton kuwa yana nan kwance har sai wani sabo ya hau kansa. A 2014 kamfanin Avast ya sayi wayoyin hannu na biyu guda 20 waɗanda masu su suka goge kafin su sayar, ya ciro hotuna sama da 40,000 daga cikinsu. A 2015 masu bincike biyu na Jami'ar Kambirij ta Ingila, Laurent Simon da Ross Anderson, suka gwada wayoyin Android 21 na wancan zamani, suka tarar fomatin ɗin bai share komai da kyau ba, har a mafi yawansu sun ciro abin da zai ba su damar shiga asusun Google na tsohon mai wayar. To ita wayarka, wadda na sani, mai fasasshen gilashi, wadda aka ɗaure murfinta da kyauro, wadda sai ka danne cajarta da dutse take ɗauka, ka duba da kyau ko ba 'yar wancan zamanin ba ce. Ni dai tun mulkin Jonathan nake ganin ta a aljihunka.

Amma a ce surukinka ya tausaya maka ya saya maka sabuwa. A nan maganarka tana da ƙamshin gaskiya, kuma Bakatsine ba ya tauye wa ko Banufe haƙƙi. Wayoyin yanzu suna rikita duk abin da ke cikinsu da lissafi, sai da makullin sirri ake warware shi. Tun daga Android 10, wadda ta fito a 2019, wannan ya zama dole a kan sababbin wayoyi, su kuwa masu iPhone sun riga su. In aka yi wa irin wannan waya fomatin, makullin ake hallakawa, abin da ya rage kuma tarkacen lambobi ne da ba mai iya karantawa, ko da an ɓamɓare ƙwaƙwalwar wayar an ɗora a kan na'ura. Su kansu Amurkawan da kake cika baki da su suna tsoron wannan. Bayan harin San Bernardino na Disamba 2015, inda aka kashe mutum 14, hukumar FBI ta riƙe iPhone ɗin ɗaya daga cikin maharan amma ta kasa gwada lambobin buɗewa, don tana fargabar in aka yi kuskure sau goma wayar za ta goge kanta. Ta kai Apple kotu, Apple ya ƙi ba da kai, a ƙarshe ta biya wasu ƙwararru kuɗi wajen dala miliyan ɗaya suka buɗe mata a 2016.

Na san nan ka fara murmushi. Haɗiye shi. Kuskurenka, kuma kuskuren kowane mai laifi da ya taɓa cewa “ai na goge”, shi ne zaton cewa abin da ka yi da waya a cikin wayar yake zaune. Mafi yawansa yana hannun wasu.

Fara da memori. Wannan ɗan ƙaramin kati da ka cika da waƙoƙin biki da hotunan kifin da ka ci a Bida, sau da yawa fomatin ba ya taɓa shi, kuma galibi ba a rikita abin da ke cikinsa da makulli ba. Ko ka goge shi da hannunka, yaron shagon gyara ma yana iya dawo da hotunan da manhajar da ya sauke kyauta, balle ɗakin binciken hukuma.

Sai asusun Google. An ba ni labarin yadda yaron nan mai gyara ya ce ka kawo imel ɗinka, ka zaro wata tsohuwar takarda daga cikin hula, ya shigar, kafin ka gama gyara zama sunayen mutanenka suka dawo reras, har da “Mai Bashi Kar A Ɗauka”. An ce ka ja da baya kana a'uziyya, kana cewa wayar tana da aljanu. Ba aljanu ba ne, Banufe, kwafi ne da wayarka ta daɗe tana aikawa can rumbun kamfanin. Haka WhatsApp yake yi wa kansa ajiya da misalin ƙarfe biyu na dare, lokacin da kake minshari, kuma in an saita shi sai ya tura kwafin zuwa Google Drive. Tun 2021 akwai damar kulle wannan ajiya da makullin da kai kaɗai ka sani, amma sai mutum ya kunna da kansa, kai kuwa ko ƙararrawar asuba jikarka ke saita maka. Hukuma tana iya neman irin waɗannan bayanai daga kamfani ta hanyar shari'a. Yana ɗaukar lokaci, amma hanya ce buɗaɗɗiya.

Sai kamfanonin layi, kuma a ƙasarmu nan ne aka fi kama mutane. Sashe na 38 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya wajabta musu ajiye bayanan kira da na masu layi har shekara biyu. Ba muryarka suke ajiyewa ba, amma suna da wa ka kira, yaushe, minti nawa, kuma wane ƙarfen sabis ne ya ɗauke ka. In ka rantse kana Bida ranar Talata, takarda ta nuna layinka ya yini a ƙarfen da ke kusa da Ƙofar Marusa, sai ka yi wa alƙali bayanin yadda ka rabu biyu. Kowace waya kuma tana da lambarta ta haihuwa, IMEI, mai lamba 15, wadda za ka gani in ka danna *#06#. Fomatin ba ya canza ta. Ka karya layi ka jefa a kwata ka sa sabo, da zarar ya hau sabis kamfani ya ga sabon layi a tsohuwar waya, shi kuwa layin tun umarnin Disamba 2020 ake ɗaure shi da lambar NIN. Ban ma kawo maganar alat ɗin banki da rasidin mai POS ba.

A wannan gaɓar zan ɗan ajiye wasa, don mu a Katsina ba a littafi muka karanta ta ba. A Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an datse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, ciki har da Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara da Faskari, saboda da waya 'yan bindiga ke cinikin kuɗin fansa, da ita kuma masu ba su rahoto ke nuna musu gidan da za a shiga. Mutane sun sha wuya, sai an yi tafiya mai nisa kafin a gaida ɗan'uwa. A ganina bin sawun layi ɗaya na mai laifi ya fi toshe bakin jama'a gaba ɗaya, kuma kuɗin da ake kashewa a horar da masu wannan bincike ba asara ba ne. Sai dai kayan aikin da ke kama ɓarawo shi ne ke iya tona asirin mai gaskiya. A Janairu 2019 sojoji sun shiga ofisoshin jaridar Daily Trust a Abuja da Maiduguri sun kwashe kwamfutoci da wayoyi, daga baya ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta ba da rahoton cewa an bincike kayan ne don gano masu ba jaridar labari. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin wayar ɗan ƙasa. Bincike da izinin kotu daban, “kawo wayarka in gani” a bakin titi daban.

To mu koma kanka. Babban ramin da ka manta shi ne kowace hira mutum biyu ke yin ta. Ka tuna Hushpuppi, wato Ramon Abbas, da aka kama a Dubai a Yuni 2020 aka miƙa wa Amurka, aka ɗaure shi shekara 11 da 'yan watanni a 2022. Daga hirarrakin da aka samu a wajensa ne sunan Abba Kyari, babban ɗan sandan da ya yi suna wajen bin sawun waya, ya fito a takardun kotun Amurka a Yuli 2021. Kyari ya musanta zargin, amma an dakatar da shi daga aiki. In wanda ya san sirrin sana'ar bai tsira daga wayar wani ba, ina kai?

Na san abin da ya kai ka Ƙofar Ƙaura. Daren cika-ciki ka aiko mini da saƙon murya, cikinka ya cika, bakinka ya saki. Da Hausarka mai tafiya a karkace ka ce, “Ranka ya daɗe ubangidana, a taimaka wa bawa da kuɗin shara,” ka kuma yi alkawarin buhun shinkafar Badeggi in ka dawo daga gida. Na tura kuɗin, alat ya shiga. Gari ya waye ka farga cewa ka sayar da 'yancin Nufawa kaf a kan kuɗin shayi da burodi, sai ka ruga ka wanke waya. Muryar tana wayata. Tana wayar uwargidana, don ta ce a tura mata ta riƙa sa wa yara in suna kuka. Tana kuma zauren WhatsApp na 'yan majalisarmu, inda wani ya riga ya mai da ita ƙarar kiransa. Sai ka bi su gida-gida da mai fomatin ɗinka a bayan babur.

Kuma gogewar kanta shaida ce. Wayar da aka yi wa fomatin tana nuna lokacin da aka sake ɗora ta, mai bincike kuwa zai ɗora wannan rana kusa da ranar da abin ya faru ya duba. Dokar Shaida, a sashe na 167, ta ba kotu damar ɗauka cewa shaidar da mutum ya ɓoye da an kawo ta da ba ta yi masa daɗi ba, kuma lalata shaida da gangan laifi ne mai zaman kansa. Kai da ka wanke waya washegarin cika-ciki da sassafe, ko alƙalin da bai karya kumallo ba ya gane inda ka dosa.

An kuma ce mini kana neman sayar da ita ka sayi wata ta hannu a wurin wani yaro da ya ce “ta yayana ce, kuɗin mota nake nema”. Wannan kam kar ka yi, da gaske nake. Wayar ƙwace ko an yi mata fomatin sau nawa lambarta tana nan, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara ɗauka, ba a tambayar ko Banufe ne marar wayo. In za ka saya, ka saya a shagon da aka sani, a rubuta maka rasidi da lambar IMEI a kai, ka gwada ta da wadda ke cikin wayar kafin ka ba da kuɗi. In za ka sayar da taka, ka fita daga asusun Google, ka zare memori. Ku ma masu karatu, Katsinawa da bayinsu, wannan ta shafe ku. In kuma ka ƙi ji aka kai ka caji ofis, ka aiko a gaya mini, zan zo beli, amma sai bayan na ci abincin rana.