Yadda Ake Ƙaura Daga Waya Zuwa Kwamfuta A Bar Ƙofa A Buɗe

Wannan shawara ta ɗan Ƙofar Marke ce wanda ya fara cike fom ɗin Jami'ar Usmanu Danfodiyo a waya, ya kai rabi, rana ta take, wayar ta ɗau zafi, caji ya koma kashi 3. Kwantar da hankalinka, akwai hanya.

Da farko kwafi adireshin shafin, ka tura wa kanka ta WhatsApp, ka tare ɗan kabu-kabu ya kai ka kafe. Idan ka buɗe a kwamfuta ka tarar shafin bai san ka ba, yana tambayar suna da kalmar sirri, to ka ɗaga murya ka ce mai kafe ya cinye maka aiki. Kada ka saurare shi in ya ce, "Malam, mi ya haɗa ni da aikinka?"

Gaskiya dai tana wajensa. Lokacin da ka shiga shafi, ana ba burauzarka wata 'yar shaida da ake kira kuki, kamar katin nan mai lamba da mai cajin waya yake miƙo maka. Mai caji ba ruwansa da fuska, wanda ya kawo kati shi ke da waya. Adireshin da ka tura kwatancen shago ne kawai, katin yana can cikin burauzar wayarka. Ko ka haɗa Chrome da asusunka na Google, zai kwaso maka kalmomin sirri da tarihin shafukan da ka leƙa, amma yawanci sai ka sake shiga. Abin da ka rubuta ba ka danna ajiyewa ba kuwa, sai dai haƙuri.

To, sake shiga. Idan kwamfuta ta tambaya ko ta riƙe maka kalmar sirri, ce mata e, ai ba a mayar da hannun kyauta baya. Lambar da aka turo maka ta tes, karanto ta da ƙarfi, saboda na bayan layi ma 'yan uwa ne.

Sai babban aikin. Tun 2015 WhatsApp yake hawa kwamfuta: ka haska wa wayarka zanen nan mai ɗigo-ɗigo, hirarka duka ta baje a allo, har da ta wadda iyayenta ba su san da kai ba tukuna. Ana iya haɗa na'ura har 4, kuma ko wayarka ta mutu suna ci gaba da aiki, sai ta yi kwana 14 ba a taɓa ta ba sannan su fita da kansu. Saboda haka da an kira la'asar, ko an ɗauke wuta, tashi kawai ka kaɗe riga. Rufe shafi ba fita ba ne, katin yana nan. Wanda zai zauna bayanka shi ma yana son labari.

In kuwa kai marowaci ne, buɗe tagar sirri ta burauza kafin ka fara, wadda ke share kuki da zarar an rufe ta, ka ajiye aikinka a kowane mataki, ka danna maɓallin fita kafin ka miƙe. Yau da dare kuma ka leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinka. Duk kwamfutar da ka gani ba ka san ta ba, sallame ta.