Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Fina-finan Ban Tsoro da Danginsu

Daga Fika, Jihar Yobe.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, in dai ana yi wa fatalwa irin wannan fata. Maƙasudin takardar nan ƙorafi ne kan saɓa alkawari. Kuɗin tsoro muke biya a shagon turi, a cika mana memori, ku kuma ku aiko mana da kuka.

Kai Train to Busan, ɗan Koriya ta Kudu na 2016, an ce mana mahaukatan gawarwaki ne ke cizon fasinja a jirgin ƙasa. Ba wanda ya ambaci uban da neman kuɗi ya nisanta da 'yarsa. Da aka cije shi a hannu, sai ya nuna wa wata mai juna biyu birkin jirgi, ya damƙa mata yarinyar, ya faɗa waje yana tuna ranar haihuwarta. Wannan adalci ne?

Kai ma A Quiet Place na 2018, dodanninka da sauti suke farauta, amma ba su ne suka kayar da mu ba. Uban nan ne da ya yi wa 'yarsa kurma nuni da hannu cewa yana ƙaunarta, sannan ya kurma ihu don dodo ya bar 'ya'yansa.

Ɗan'uwanku na sararin samaniya, Interstellar na 2014, ya fi ku iya mugunta. Awa ɗaya a wata duniya shekara 7 ce a nan. Matuƙi ya dawo kumbo ya tarar da saƙonnin shekara 23, ɗansa har ya haihu. Duk direban tirelar Potiskum da ya dawo daga Legas jaririnsa na ƙyuyarsa ya san wannan ciwo.

His House na 2020 kuwa, ma'aurata ne 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu a wani gida a Ingila, abin da suka baro a teku ya biyo su har cikin bango. Mutanen Yobe ba sa bukatar fassara a nan.

Ko gidan gem ba mu tsira ba. Yara sun je buga ƙwallo, wani ya kunna The Last of Us na 2013, tun ba a yi nisa ba soja ya harbe 'yar Joel, jarumin wasan, a hannun ubanta, wuri ya yi tsit.

Mun gano dabararku: dodo ɗan rakiya ne, da zumunci kuke kama mu. Saboda haka bukatunmu biyu. A riƙa haɗa kowane fim da hankici. A kuma rubuta gargaɗi cewa magidanci kada ya kalla gaban iyali, domin uwargida ta daina yarda cewa ƙurar hunturu ce ta shiga mini ido, ballantana da damina.

In kuna da wasu irinsu, ku turo. Mai shago ya san ni.

Naku cikin hawaye,
Wani magidanci daga Fika.