Mai Lambun da Aka Kai Garwa

A farkon sarautar Sarkin Daura Abdurrahman, akwai wani mai lambu a wata fadama wajen Sandamu. Da jigo yake ɗibar ruwa, yana ba fangalin albasa da alkama. Ko da bazara ta ƙone daji, wurinsa kore shar.

Da yaƙin Ingila da Jamus ya ɓarke a 1914, aka nemi majiya ƙarfi. Mai gari ya nuna shi, ya ce, "Je ka, iyalinka amanarmu ne." Aka sa masa kaki, aka nufi Garwa ta ƙasar Kamaru, inda Jamusawa suka kafa tunga a kan tuddai. Harin farko na watan Agusta ya ci tura. A 1915 sai aka koma haƙa ramuka da dare, ana matsowa kaɗan-kaɗan. Nan hannun mai lambu ya yi rana, domin ya san ƙasa tun daga ƙamshinta. Yana cikin haƙa harsashi ya same shi, ramin da ya tona ya zama makwancinsa. Garwa ta faɗi a watan Yuni, bai gani ba.

Da labari ya iso gida, gari ya yi makoki. Daga nan duk shekara manya sukan taru a bakin lambun, maroƙi ya wasa jarumi, a shafa fatiha. Mai gari ya riƙe fadamar, ya ce sai marayu sun girma. Marayu suka girma, suka yi furfura, ba a miƙa ba. Matar marigayin kuwa, albasar miya ma sai ta saya a kasuwa.

Wata shekara ana tsakiyar kirari, ta matso da lulluɓinta ta durƙusa gaban mai gari ta ce, "Ranka ya daɗe, yabon ya kai. Amanar fa?" Wuri ya yi tsit.

Har yau 'ya'yan Daura da Zango da Baure suna kwana a ramuka a bakin Sambisa da Tafkin Chadi, wasu ba sa dawowa. Ranar 15 ga Janairu kuma, ranar tunawa da mazan jiya, ana ajiye furanni, ana busa begila. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya ba masu riƙe da haƙƙin marayu ikon sauke shi tun suna numfashi.