Gyaran Gida a Gure da Hukuncin Idon Maƙwabta

Masana harkar gini sun daɗe da yin ittifaƙi cewa duk wanda ya ɗaura niyyar gyara gidansa yana neman abubuwa uku ne, wato araha da ƙarko da sauri, kuma ba a taɓa jin wanda ya haɗa su duka ba, domin zamansu irin na kishiyoyi ne, da zarar maigida ya faranta wa biyu sai ta ukun ta yi yaji. A garin Gure kuwa, wanda yake gabas da Damagaram a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa, duk mai sauraron hirar fada, wato dandalin da samari ke taruwa shan shayi, ya san akwai abu na huɗu da littattafan injiniyoyi suka manta da shi, shi ne idon maƙwabta, wanda yake yanke hukunci bayan sauran ukun sun gama gardama.

Gure, tsohon mazaunin sarautar Muniyo da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ziyarta a ƙarshen 1852, ya gaji ginin ƙasa, wanda ake ɗora tubali a kan tubali, a shimfiɗa azara, wato itacen da ke riƙe rufi, sannan a riƙa sabunta yaɓe kafin kowace damina. Irin wannan ɗaki yana da araha, yana da sanyi a tsakiyar bazara, amma yana da aibi guda da ba a yafe masa, shi ne ba ya sanar da masu wucewa cewa Alhaji ya samu. Maganin da aka gano shi ne a shafe bangon laka da siminti ta fuskar titi kawai. Siminti da laka ba sa riƙe juna, don haka bayan damina ɗaya ko biyu, idan aka ƙwanƙwasa bangon da yatsa sai a ji yana amsawa daga ciki, ruwa ya riga ya bi ta bayan shafen ya cinye ƙasar, kuma wata rana cikin Agusta sai falle guda ya ɓaɓɓako ya faɗi a bakin ƙofa, maigida ya fito ya dube shi da mamaki, ya ɗora laifin a kan ruwan bana.

Batun kuɗi yana da nasa tsarin. Siminti ba ya isowa Gure sai ya yi doguwar tafiya, ko daga masana'antar Malbaza da ke jihar Tahoua ko daga Najeriya, kuma rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya bai wa kowane maigida hujja mai daraja ta dakatar da aiki, har da waɗanda suka dakatar da nasu shekaru kafin haka. Da gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoban 2024, bayan ambaliyar da ta rusa gidaje da dama, an yi zaton bulo zai ƙara ƙwari, sai dai al'adar tatsar buhu ba ta san da wannan doka ba. Tatsar buhu ita ce a tilasta wa buhu ɗaya ya haifi bulo fiye da ƙarfinsa, har a sami bulon da ake ɗauka da hannu biyu cikin lallami da addu'a, wanda gefensa ke marmashewa idan babban yatsa ya matsa shi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yashi, domin garin da tuddan rairayi suka kewaye har suna barazanar binne kwaruruwan dabino da kanwa, mutanensa sai sun biya mai amalanke ya kawo yashi mai tsakuwa, tun da rairayin da iska ke kawowa kyauta ya yi laushi da yawa. Shi kuma tulin da aka saya yakan shekara a ƙofar gida, awaki na kwana a kansa, yara na rage shi kaɗan-kaɗan.

Lokaci kuwa ba a ƙidaya shi da kwanaki, ana ƙidaya shi ne da bukukuwa. Ba a tuna cewa ɗaki yana bukatar gyara sai an sa ranar biki, ko mahajjaci ya kusa saukowa daga Makka, sai a kira magini a ce masa, «Malam, mako biyu kawai ya rage, ka taimaka.» Shi kuma ya amsa, «Alhaji, kwantar da hankalinka, gobe da asuba ina nan.» Daga nan sai ya karɓi kafin alƙalami, wato kuɗin da ake bayarwa kafin a soma aiki, wanda a aikace yake tabbatar da cewa maginin zai je ya ƙarasa aikin wani da ya karɓi kuɗinsa tun bara. Idan ruwan shuka ya sauka, magini da leburorinsa duk manoma ne, gero kuma ba ya jiran fenti. Ba a cika faɗin cewa maigidan ma yana da nasa «gobe» idan aka zo biyan ciko ba, saboda haka kowannensu yana da abin faɗa a kan ɗan'uwansa a majalisa daban.

Abin da ya saura na ƙarko ana raba shi ne gwargwadon nisan wuri daga titi. Ƙofar waje takan sami ƙarfe mai zane da tayil mai ƙyalli, zaure ya sami fenti, ɗakin uwargida ya sami alkawari, katangar bayan gida kuma, wadda ita ce ke fuskantar ruwan gabas, a tokare ta da itace. Rufin kwano da aka sauya azara da shi yakan mayar da ɗaki wurin da ba ya shiguwa a watan Afrilu, don haka iyalin gidan da aka kashe wa jikkuna masu yawa suna kwana a tsakar gida a kan tabarma, daidai da maƙwabcinsu da bai gyara komai ba. A saman ginin kuma ana barin rodi a tsaitsaye, alamar cewa bene na nan tafe, kuma kafin ya iso matan gida sun ɗaura igiya tsakanin ƙarafan suna shanya.