Shari'ar Albasar Kawu

Mutanen da sun yi ittifaƙi a kan cewa ido shaida ne adali wanda ba a nema masa tazkiyya, har suka ce gani ya kori ji. Amma ni, da nake koyar da yara lissafi a wata firamare kusa da madatsar ruwa ta Watari a ƙasar Bagwai, ina da ja a kan wannan magana.

Tun da aka kammala madatsar nan a 1980, noman rani ya zama abin alfahari a wajenmu, ta yadda ba a auna mutuncin magidanci sai da kwandunan tumatir da buhunan albasar da ya fitar. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, dattijo ne mai faɗa da tsantseni, kuma da lokacin zaɓen shugaban manoman layinsu ya ƙarato, 'ya'yansa suka matsa masa lallai a buga hotonsa a liƙa, sai ya aika a kira ni, saboda a dangi kaf babu mai waya irin tawa. Ya ce, "Malam, ka ɗauke ni yadda duk wanda ya gani zai san manomi ne."

To, ni mutum ne mai yawan mutala'a, kuma na san cewa ƙawata hoto ba ya buƙatar kayan Turai. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, da mayafin gadonsa ya fara yin labule a bayan mutane, yana ara musu rediyo ko agogo su riƙe, ga shi yau ana rataye hotunansa a manyan biranen duniya. Masu fim na Amurka kuma sun daɗe suna shafa man Basilin a gilashin kyamara domin ya ɓoye tamoji. Saboda haka na ɗauko Basilin ɗin uwargida, da tiren da take kawo wa baƙi ruwa domin ya mayar da hasken rana a fuska, da rariyarta, da kaskon turaren wuta wanda hayaƙinsa zai zama hazo, na ɗora wa almajirin gidanmu, muka nufi gona da hantsi. Rariyar ba ta yi rana ba, domin ɗige-ɗigen hasken da ta zuba wa Kawu sun sa ya fito tamkar mai fama da ƙyanda.

Babbar dabarar kuwa daga Hasan Ibnul Haisam na samo ta, shaihin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, wanda ya tabbatar a cikin Kitabul Manazir cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shiga ido, kuma hankali ba ya yanke wa abu hukuncin girma sai ya haɗa faɗin da ya cika a ido da nisan da ya ƙiyasta masa. Hoto kuwa shimfiɗaɗɗe ne, ba ya ɗauke da nisa. Kyamarar waya kuma, saboda ƙanƙantar idonta, tana fito da na kusa da na nesa tar a lokaci guda. Na tsayar da Kawu can nesa, na ce ya miƙa hannun dama kamar ya dafa wani abu, na zaɓi albasa guda na ɗora a kan kunya, na kwanta rubda ciki a cikin taɓo da babbar rigata, har tazarar wayar da albasar ba ta fi taƙi ɗaya ba.

A nan ne almajiri ya yi nasa ijtihadin. Da turare ya ƙare, sai ya ƙara wa garwashin ƙaiƙayin da ya sharo daga inda ake shanya barkono. Hazo dai ya samu, irin wanda hunturu bai taɓa kawowa ba, amma Kawu ya runtse ido yana tari yana hawaye yana ambaton iyayen yaron, bai ga albasa ba, bai ga inda na kwanta ba. Da ya buɗe ido ɗaya domin ya gano wanda zai mara, na danna.

Hoton ya yi kyau, wannan ko maƙiyina ya shaida. Ga Kawu a cikin gajimare, fuska sumul, ido ɗaya a buɗe cike da haiba, ya dafa wata albasa mai girman rumbu. Na tura wa babban ɗansa, shi kuma ya saka a WhatsApp, albasar ainihi kuwa uwargida ta yanka ta a miyar dare.

Kafin Juma'a ta zagayo, dillalan kayan gwari sun fara sallama daga kasuwar Badume, wani ma ya taso tun daga 'Yankaba ta Kano da a-kori-kura da igiyoyi. Mata suna aiko yara a sammusu iri. Har aka tambayi liman ko albasa irin wannan ta cika nisabi ita kaɗai, ya amsa da cewa a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, babu zakka a kan kayan lambu, amma sadaka mustahabbi ce, kuma shi ma zai so ya gani.

Ina cikin jin daɗin wannan ɗaukaka sai Kawu ya iso bayan isha'i, ya ƙi zama a tabarma, ya ce, "Malam, ina albasata?" Na yi dariya, na ce, "Kawu, ai mun cinye ta." Ya yi salati, ya ce, "Ku biyu? Duka?" Na fara yi masa sharhin nisa da kusa, ya katse ni da cewa shi hayaƙi ya rufe masa ido, amma waya ba ta da hawaye, kuma ga hannunsa nan a kanta; ya kuma gane yanzu dalilin da ya sa aka turnuƙe shi da barkono.

Washegari muka gurfana gaban mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama in kawo burhani a aikace." Na roƙe shi ya tsaya a ƙofar zaure, na sa jikansa ya buɗe tafin hannu kusa da wayar, na danna, na miƙa. Da mai unguwa ya ga kansa, da rawaninsa da sandarsa, tsaye a tafin hannun yaro ɗan shekara bakwai, zauren ya yi tsit, wani dattijo ya ja a'uziyya. Domin in sassauta al'amarin, na ba su labarin 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley na Ingila, waɗanda a 1917 suka yanka takarda suka kafe da allurar hula suka ɗauki hoto, har marubuci Conan Doyle ya gaskata cewa aljanu ne. Kalmar aljanu kaɗai aka ji.

Mai unguwa ya yanke hukunci cewa, tun da mai ƙara yana da hoto, wanda ake ƙara kuma ya yi iƙirari da bakinsa cewa ya ci, zan biya Kawu buhu uku, wanda shi ne ƙiyasin masu sulhu bayan an rage mini ladan ɗauka; sannan in goge hoton shi mai unguwar nan take a gaban shaidu, a kuma auna tsawonsa da igiya a tabbatar ya dawo daidai. Aka auna, ya ce da sauran yatsa biyu, aka ƙara mini rabin buhu.